Mahaifinmu ya rasu a Mancesta bai bar wasiyya ba: zan iya bin kotu da kaina ba tare da lauya ba?

Babbar Yaya:

Assalamu alaikum jama'a. Yau kwana 34 da rasuwar mahaifinmu a nan Mancesta. Ya dawo daga aiki da yamma ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, muka kai shi asibiti, kafin asuba Allah ya karɓi abinsa. Shekararsa 58, direban bas ne, shekara 19 yana wannan aikin. Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a.

Ni ce babba, shekarata 28, sai ƙanena mai 24, sai autarmu mai 15. Umma tana takaba. Ko da ma babu takabar, tun da muka zo ƙasar nan Abba ne ke riƙe da duk wata takarda ta gidan, Umma ko ambulan ɗin banki ba ta taɓa buɗewa ba. Yanzu jakar takardunsa tana ɗakina. Kullum na dawo daga aiki sai in baje su a kan gado, in karanta biyu ko uku, in ci karo da sa hannunsa, in kasa ci gaba.

Bai bar wasiyya ba. Na duba jakar, na duba durowar gefen gadonsa, na tambayi bankinsa da abokansa na kusa, babu. Abin da ya bari ba wani mai yawa ba ne. Akwai gidan da muke ciki, da sunansa shi kaɗai aka saya, maƙwabtanmu sun sayar da irinsa bara a kan fam 265,000, kuma akwai sauran bashin gidan fam 58,000. Akwai asusun banki biyu, ɗaya da fam 19,400, ɗaya da fam 3,100. Sai motarsa da ba za ta wuce fam 6,500 ba. Ana binsa fam 2,800 na katin bashi. Kuɗin jana'iza da na kabari, fam 4,200, ni na biya daga ajiyata.

Bankin da ke riƙe da ƙaramin asusun ya saki kuɗin bayan Umma ta sa hannu mun nuna takardar shaidar mutuwa. Ɗaya bankin da masu bashin gida kuwa sun ce ba za su yi komai ba sai na kawo takardar izini daga kotu, wadda ke nuna wane ne ke da ikon kula da dukiyar mamaci. Na je wurin wani lauya, mutumin kirki, ya saurare ni sosai, amma ya ce aikin gaba ɗaya zai kama fam 4,500 ban da haraji. Yanzu da albashin Abba ya tsaya, wannan kuɗin shi ne zai riƙe gidanmu na watanni.

Ga kuma abin da ke hana ni barci. Baffanmu, ƙanen Abba, kusan kullum sai ya kira ya ce a raba gado da wuri, barin dukiyar mamaci ba a raba ba nauyi ne a kansa, kuma Kaka, mahaifiyar Abba, tana raye tana da haƙƙinta. Na san da zuciya ɗaya yake faɗa. Sannan ranar sadakar bakwai wani aminin Abba ya ja ni gefe, yana jin nauyi, ya ce ya ranta wa Abba fam 5,000 shekara biyu da suka wuce, babu takarda tsakaninsu. Ban taɓa jin mutumin nan ya yi ƙarya ba, amma ban san ko doka ta yarda in biya bashin da babu shaidarsa ba.

Shin zan iya neman takardar kotun da kaina? Ni ce ma ya kamata in nema ko Umma? Akwai harajin da za mu biya? Kuma yaushe ne zan iya fara ba kowa nasa ba tare da na jefa kaina ko Umma cikin matsala ba? Wanda ya taɓa bi ta wannan hanyar ya taimaka mini.

Hajiya Babba:

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya sa aljanna ce makomarsa, ya ba Ummanku dangana. 'Yata, kafin komai ki amsa mini tambaya ɗaya: a ina aka ɗaura auren iyayenki, kuma akwai takardarsa? Duk sauran maganar a kan wannan ta rataya.

Kafin ki amsa kuma, kada ki ba kowa ko kwabo tukuna, ko Kaka ko aminin. Idan katin cirar kuɗin marigayi yana hannunku kuma kun san lambar sirrinsa, kada wanda ya taɓa shi. Daga ranar rasuwa kuɗin ya daina zama nasa, kuma bai zama na kowa ba tukuna.

Babbar Yaya:

Amin Hajiya, na gode. A gida aka ɗaura a 1995, tun kafin su zo. Akwai takardar, na gan ta a jakar, da hatimin kotu a jiki. Da ita ma Umma ta samu bizar shigowa a matsayin matarsa. Katin yana wurin ƙanena, bai taɓa shi ba, na karɓa na ajiye.

Baban Khalifa:

Allah ya gafarta masa, ya ba ku haƙurin rashi. 'Yata, za ki iya. Ni na yi wa iyalin yayana wannan aikin a ƙarshen 2023 a Bamingham, kuma ni ba lauya ba ne, a ɗakin gwajin jini nake aiki. Abin da ya fi tsorata ni da farko shi ne kalmar kotu. Na ɗauka zan tsaya gaban alƙali yana jefo mini tambayoyi. Har aka gama ban taka ƙofar kotu ba. Sashen gado na kotun ofis ne kawai, takardu yake dubawa. A da ana zuwa a yi rantsuwa, amma tun 2018 sa hannu ake yi a kan cewa abin da aka rubuta gaskiya ne. Ki ba wannan sa hannun nauyin rantsuwa, don ƙarya a wurin laifi ce.

Tunda babu wasiyya, fom ɗinku shi ne PA1A. PA1P na waɗanda aka bar wa wasiyya ne, kada ki ɗauko shi. Duka suna shafin GOV.UK kyauta. Doka ta jera waɗanda ke da ikon nema: mata ko miji, sai 'ya'ya, sai iyaye, sai 'yan'uwa. Ke nan Ummanku ce a gaba, ba za ki tsallake ta haka kawai ba. Amma za ta iya wakilta ki da fom PA12, ta sa hannu gaban shaida, ke kuma ki yi komai a madadinta. Haka matar yayana ta yi mini, na haɗa PA12 da PA1A na aika ta gidan waya. Akwai wani fom, PA16, na wanda ya janye gaba ɗaya. Ban ga dalilin da zai sa ta janye ba, wakilcin ya fi muku.

Ga abin da zai ba Baffanku mamaki. A dokar Ingila da Wels, idan mutum ya rasu ba wasiyya ya bar mata da 'ya'ya, matar ce ke ɗaukar kayan amfaninsa, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya ragu, sauran rabin 'ya'ya su raba daidai, mace da namiji. Tun Yulin 2023 adadin yake haka. Naku bai kai wannan adadin ba, don haka a idon kotu komai na Ummanku ne ita kaɗai. Ke, ƙanenki, auta da Kaka, doka ba ta ba ku komai ba. Maganar yadda za a daidaita wannan da rabon addini na bar wa malamai, akwai hanya. Sikotlan kuwa tsarinta daban ne gaba ɗaya, duk wanda ke can kada ya bi maganata.

Ainihin aikin shi ne lissafi, kuma shi ne zai ci miki lokaci. Abin da ake so shi ne darajar kowane abu a ranar rasuwa, ba yau ba. Ki rubuta wa kowane banki, da masu bashin gida, da masu katin bashi, su ba ki a rubuce abin da ke akwai a wannan ranar. Gidan kuma farashin maƙwabta bai isa ba, ki kira dillalan gidaje biyu ko uku su zo su gani su rubuta miki, ki ajiye takardun. Sannan ki nemi bayanin asusunsa na shekara guda ki bi shi layi-layi. Duk kuɗin da ke fita wata-wata yana nuna miki wani abu: inshora, ajiya, bashin da ba ku sani ba. Ni ta haka na gano wani asusun ajiya da ko matar yayana ba ta san da shi ba. Ki kuma je wurin aikinsa ki tambayi fansho da kuɗin wanda ya rasu yana bakin aiki. Irin wannan kuɗin galibi ba ya shiga cikin dukiyar da kotu ke lissafawa, masu kula da fanshon ne ke biyan wanda ya rubuta musu sunansa, kuma yakan fito da wuri.

Haraji bai kamata ya dame ki ba. Harajin gado kashi 40 cikin ɗari ne, amma a kan abin da ya haura fam 325,000 kawai, kuma abin da ya tafi ga mata ko miji da ke zaune a ƙasar nan ba a cire masa. Tun Janairun 2022 dukiya irin taku ba ta buƙatar dogon fom ɗin nan na IHT400, alƙaluman kawai za ki sa a cikin fom ɗin kotu. Abu biyu ne za su iya canza wannan: idan yana da dukiya a wajen Birtaniya da ta wuce fam 100,000, ko kuma ya yi manyan kyaututtuka cikin shekara bakwai kafin rasuwarsa. Ki tambayi Umma da Baffa ko akwai fili ko gida a wani wuri. Ko ƙarami ne, a faɗe shi.

Kuɗin kotu fam 273 na biya, amma daga Mayun 2024 ya koma fam 300 ga dukiyar da ta wuce fam 5,000. Ki nemi ƙarin kwafi masu hatimi tun a lokacin, huɗu ko biyar, don kowa zai ce a kawo masa, ba kya so ki zauna jiran wani ya dawo miki da ita kafin ki aika wa wani. Tawa ta fito cikin mako tara. Abin da ke jawo jinkiri galibi ƙaramin kuskure ne, musamman suna. Yayana sunansa a fasfo daban, a takardar gida an rubuta shi da wani harafi daban. Akwai gurbin sauran sunayen da mamaci ya yi amfani da su, ki cika shi.

Idan takardar ta fito, ki buɗe asusu daban na dukiyar marigayi, kada kuɗin ya taɓa haɗuwa da naki ko na Umma. Ki sayi littafi guda, abin da ya shigo a hagu, abin da ya fita a dama, kowane rasit ki liƙa. Fam 4,200 ɗinki na jana'iza za ki karɓi abinki, yana cikin abubuwan farko da ake biya. Da ma kin kai takardar kuɗin jana'izar banki, da sun biya kai tsaye daga asusunsa ko babu takardar kotu. Na faɗa ne don masu karantawa.

Gidan ne zai fi ba ki wahala. Kada a daina biyan kuɗin wata-wata, ki gaya wa masu bashin halin da ake ciki, ki kuma sanar da masu inshorar gidan da na motar cewa mai sunan ya rasu. Mayar da gida sunan magaji da fom AS1 da AP1 ake yi a ofishin rajistar filaye, cika su ba wuya, amma tunda akwai bashi a kansa sai masu bashin sun yarda, kuma za su duba wa zai iya ci gaba da biya.

Da a ce bashin da ake binsa ya fi dukiyar, ko akwai rigima tsakanin magada, ko yana da kasuwanci, ko akwai wasu 'ya'yan a wani ɗakin, da na ce ki biya lauyan nan ki huta. Ban ga ko ɗaya a abin da kika rubuta ba.

Hajiya Babba:

Alhamdulillahi da akwai takardar, hankalina ya kwanta. Auren da aka ɗaura a wata ƙasa, idan ya inganta a dokar can, a nan ma ana karɓarsa. Idan ba da Turanci aka rubuta ta ba, ki kai a fassara miki da hatimin mai fassara. Na tambaya ne saboda mata da yawa a nan masallaci ko falon gida kawai aka ɗaura musu aure, ba a yi rajista ba. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke cewa irin wannan ɗaurin bai zama aure a doka ba. Macen da ke wannan halin, idan miji ya rasu ba wasiyya, doka ba ta lissafa ta cikin magada, sai dai ta shigar da ƙara neman a ba ta abin rayuwa. Na ga wadda ta yi shekara 20 da miji abin ya same ta. 'Yan'uwana mata, ku duba takardunku tun kuna tare da mazajenku.

Duk abin da Baban Khalifa ya faɗa haka yake, amma ni ba zan ce miki abin mai sauƙi ne ba, don ni na ƙone. Lokacin da mahaifiyata ta rasu ni na karɓi takardar kotu, ba lauya. Mako biyu da fitowarta na raba wa ƙannena huɗu kuɗinsu, don kowa na da buƙata kuma ana ta kirana kamar yadda ake kiranki. Bayan wata uku sai ga wasiƙa: an biya Mama kuɗin tallafi fiye da haƙƙinta na wani lokaci, saboda ajiyarta ta ƙaru ba ta sanar ba, ita ma ba ta san ana sanarwa ba. Fam 3,600 aka ce a mayar. Ni aka rubuta wa, don sunana ne a takardar. Biyu daga ƙannena suka dawo da nasu kason, biyu sun riga sun kashe. Ni na cika daga aljihuna, kuma kusan shekara guda gaisuwarmu da ɗayansu ba ta wuce sama-sama ba. Kuɗin bai ci mini rai kamar wannan ba.

Iyali ba sa gadon bashin mamaci, sai wanda ya ci tare da shi ko ya tsaya masa. Amma wanda ya karɓi takardar kotu, idan ya raba dukiya kafin ya biya masu bashi, shi za a kama.

Saboda haka da zarar takardarki ta fito, ki sa sanarwa a jaridar gwamnati, Gazette, da wata jaridar yankinku tunda akwai gida. Dokar amintattu ta 1925, sashe na 27, ita ta tanadi haka. Ana ba masu bin bashi wata biyu su fito. Idan wa'adin ya cika kika raba, wanda ya ɓullo daga baya ba zai kama ki ke ba, sai dai ya bi magada. Za ki biya kuɗin sanarwar daga dukiyar, kada ki yi ƙyashinsa. Akwai kuma wata doka ta 1975 da ta ba wanda marigayi ke ɗaukar nauyinsa damar kai ƙara cikin wata shida daga ranar fitowar takardar, shi ya sa masu hankali ba sa rufe lissafi kafin nan. Ki gaya wa Baffa doka kanta ta ba mai kula da dukiya shekara guda kafin a tilasta masa rabawa.

Bashin aminin kuwa, ki roƙe shi ya rubuta yadda aka yi ya sa hannu, ki duba bayanin asusun ko kuɗin ya shigo ta banki a lokacin. Tunda Ummanku ce kaɗai magajiya a doka, idan ta yarda a rubuce cewa a biya, babu mai tuhumarki. Amma bayan wata biyun nan, tare da sauran masu bashi.

Kada in manta. Akwai tallafin rasuwar miji da gwamnati ke bayarwa ga wadda ba ta kai shekarun fansho ba. Mai yaron da ake karɓar masa kuɗin yara tana samun fam 3,500 a dunƙule, sai fam 350 duk wata har wata 18. Sai an nema cikin wata uku da rasuwar ake samunsa cikakke. Kuna kwana 34, ki cika wa Umma a makon nan.

Malam Na Bradford:

Allah ya jiƙan Musulmi. 'Yata, Baffanku yana da gaskiya a kan haƙƙin Kaka, amma gaggawar ba ta da tushe. A addini ma jana'iza ce farko, sai bashi, sai wasiyya idan akwai, sannan gado. Abin da ke rataye a wuyan mamaci shi ne bashi. Jiran da za ki yi don tabbatar da an biya kowa hidima ce kike yi wa mahaifinki. Ki faɗa wa Baffa haka cikin ladabi, zai gane.

Na yi lissafi da alƙalumanki. Idan aka cire bashin gida, katin bashi, jana'iza da fam 5,000 na aminin, abin da ya ragu fam 224,000 ne. Ummanku tana da tumuni, ɗaya bisa takwas, fam 28,000. Kaka tana da sudusi, ɗaya bisa shida, kusan fam 37,300. Sauran a kasa huɗu, ƙanenki biyu, ke da auta ɗaya-ɗaya, kowane kaso kusan fam 39,700. Wannan idan mahaifin marigayi ba ya raye, kamar yadda na fahimta. Ku zauna da malamin da kuka yarda da shi ya tabbatar muku.

Dokar ƙasar nan ba ta hana ku wannan rabon ba. Magajin da ya kai shekara 18 yana da ikon sauya kasonsa ya ba wasu ta hanyar rubutacciyar yarjejeniya, kuma idan an yi cikin shekara biyu da rasuwar, hukumar haraji za ta ɗauke shi kamar marigayin ne ya tsara haka. Kun yi sa'a komai a hannun Ummanku ya faɗa, ita kaɗai za ta sa hannu. Da a hannun 'ya'ya ya faɗa, kason auta ba ya taɓuwa sai da izinin alƙali. Amma fa sai da yardarta ta gaskiya, kada a tsare ta tana cikin takaba a miƙa mata alƙalami.

A nan ne nake ganin ki biya lauya, na wannan takardar kaɗai. Dalili, kusan duk dukiyar gida ce, kuma a cikinsa kuke kwana. Kuɗin hannu bai kai sudusin Kaka ba ma. Ko dai a rubuta wa kowa kasonsa a cikin gidan, ko a biya Kaka a hankali, ko ta yafe wani abu idan ta so don kanta. Auta ba za a sa sunanta a takardar gida ba sai ta kai 18, dole a naɗa masu riƙe mata amana. Sannan idan Umma za ta nemi tallafin da ake duba dukiyar mutum kafin a ba shi, kyautar da gado na iya zama mata matsala, a ɗauka kamar har yanzu kuɗin na hannunta. Waɗannan ba abin cikawa a teburin ɗaki ba ne.

Babbar Yaya:

Salam. Na dawo in yi muku godiya in kuma gaya muku inda aka kwana. Takardar kotu ta iso ranar Talata, mako goma cif da aikawa. Sau ɗaya suka rubuto, suna neman fassarar takardar auren, na aika. Abin da na kashe zuwa yanzu, da kuɗin kotu da fassara da sanarwar jarida, bai kai fam 800 ba. Baba, maganar suna da kuka yi ta cece ni, don a takardar gida an haɗe sunan Abba na biyu da na uku wuri guda.

Hajiya, tallafin Umma ya fara shigowa, kuma wurin aikin Abba sun ce sunan Umma ya rubuta a fanshonsa, suna kan aikin biya. Sanarwar Gazette ta fita jiya, zan jira wata biyun cur. Na karanta wa Baffa abin da Malam ya rubuta, ya yi shiru, sannan ya ce Allah ya yi mini albarka. Tun ranar kiransa ya koma na gaisuwa. Umma ta fita takaba, da bakinta ta ce ba za ta ci haƙƙin marayu da na tsohuwa ba, a raba yadda Allah ya ce. Mun samu lauyar da za ta rubuta yarjejeniyar kaɗai, za mu je ranar 14 ga wata. Maganar masu bashin gida ce ba ta warware ba tukuna, suna duba albashina da na ƙanena.

Da nake share motar Abba don a sayar, na samu wani ɗan littafi a aljihun ƙofar direba. A shafin ƙarshe ya rubuta da hannunsa, "Waɗanda ke bina." Sunan aminin nan ne a sama, 5,000, daidai yadda ya faɗa. A ƙasa akwai wani suna da ban sani ba, 600, da kwanan wata na bara. Babu lambar waya, kuma har yau mutumin bai zo ya tambaya ba. Umma ba ta san shi ba, Baffa ma haka. Na sa shi cikin lissafin bashi, na ware kuɗin. Gobe Juma'a ƙanena zai kai littafin masallacin da Abba ke zuwa, ni kuma zan je garejin bas ɗinsu in tambayi direbobin da suka yi aiki tare.